Shekarar da Aka Sare Mini Gwanda

'Ya'yana, a shekarar nan babu ɗayanku a gida. Abubakar yana gonakin riɗi a Simsim, sai ya daɗe bai leƙo ba. Maryam tana ɗakin mijinta a Jidda. Duk abin da kuka sani a waya kuka ji shi, daga bakin mutanen da su ma ba su ga komai da idonsu ba. An gaya muku wai na ba 'yar ƙanena abin da ya kashe mata ɗa a ciki. An kuma gaya muku taurin kai ya hana ni neman gafara, har ƙanen nawa ya mutu ba ma magana. Ta biyun gaskiya ce, ban nemi gafara ba. Ta farkon ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba zan yarda a binne ni da ita ba alhali bakina yana motsi.

Wanda bai zauna Gadarif ba, ba zai san darajar bishiyar gwanda a tsakar gida ba. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina ta riƙe ruwa ta ruɓar da saiwa. Ruwan sha kuwa jaki ke jawo mana shi, mu yi ta tattalinsa kamar man girki. Ita kuma gwanda ba ta son ƙishi, ba ta son saiwarta ta jiƙe. Ni 'yar Maiwurno ce, a bakin kogi na tashi, inda gwanda ke fitowa ko ba a shuka ba. Da aka kawo ni nan aure na rasa ta, sai mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya je garinmu ya ƙullo mini iri a bakin rawaninsa. Maƙwabta dariya suka yi mini. Na yi ta ɗauko yashi daga kwari a kaina, na gauraya da takin awaki, na tada tudu. Ruwan alwala, ruwan ɗaurayen kwano, ruwan wankin hatsi, babu wanda aka taɓa zubarwa a banza a gidan nan, kun sani, don ku kanku kun sha faɗa a kan haka. Gwanda ba ta daɗewa, tana yin tsawo sai 'ya'yanta su ƙanƙance, don haka kullum ina da ƙanana suna tasowa a ƙarƙashin manya. Haka na yi ta yi, har bayan rasuwar mahaifinku, har bishiyoyin suka jeru daga bakin rumfa zuwa katanga.

Larabawan unguwa babai suke ce mata, kuma yawancinsu nunanniya kaɗai suka sani. Ni uwata ta koya mini sauran. Ɗanyar a fere ta, a jiƙa ta a ruwan gishiri farin ƙaron nan ya fita, a yayyanka a miya, ta sha ɗanɗanon duk abin da aka haɗa ta da shi, ta cika tukunya kamar kabewa. A kankare ta siri-siri a murza da niƙaƙƙiyar gyaɗa da lemun tsami da barkono, a ci da kisra, wainar dawan nan mai falle-falle. Naman tsohuwar akuya in ya gagari haƙori, a naɗe shi a ganyenta a ajiye, ya yi laushi. 'Ya'yan cikin nan baƙaƙe a shanya a daka, su tsaya a madadin masoro. Nunanniya kuwa ta yaro ce da tsoho da maras lafiya: tana sakin ciki, ba ta wahalar da haƙori, mai jinya da ya ƙi komai ita yakan karɓa. Amma ranar da uwata ta fara miƙa mini wuƙa, kafin ta nuna mini yadda ake ferewa, sai da ta kama mini kunne.

"Hauwa, ɗanyar gwanda ba ta shiga bakin mai ciki. Ko za ta yi kuka, ko za ta yi rantsuwa kwaɗayi zai kashe ta. Kin ji ni?"

Na ji ta. Na haifi nawa, na yi jinyar cikin mata da yawa a unguwar nan, ban taɓa karya wannan maganar ba.

Usman ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. A bayana ya girma. Ya yi karatu ya tafi Khartum yana saurayi, ya samu aikin ofis, ya gina gida, ya zama mutum mai takalmi mai sheƙi. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce mugu ne. Mutum ne dai da bai saba a ce masa ya yi kuskure ba. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, ta bar masa 'ya ɗaya, Najat. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum cikin azumi, sai ga su a ƙofar gidana a bayan babbar mota, ƙura har cikin gashin ido. Usman da jaka ɗaya, Najat da ƙaramin ciki na fari, ga kuma maƙwabtansu gida biyu da yaransu, waɗanda ba su san kowa a Gadarif ba. Mijin Najat ya tsaya gadin shagonsa, ya ce zai biyo baya. Wayarsa ta yi shiru tun suna hanya.

Ban tambayi kowa ko har yaushe ba. Na ba Usman ɗakin mahaifinku, na ba Najat gadona, baƙin suka raba ɗakin ciyawa da rumfa, ni na shimfiɗa tabarma a bakin madafi. Gari ya cika da mutane, kasuwa ta yi wuta, tumatir da albasa suka zama kayan kallo. Abubakar yana aiko da dawa in ya samu mota, amma dawa ba ta ciyuwa gaya. Wallahi gwandar nan ce ta riƙe gidan. Yaran baƙin sun zo da gefen baki a tsage, cikinsu a ɗaure saboda busasshen burodin hanya. Kowace safiya na tsinko wadda ta nuna na yanka musu tsawo-tsawo, su zauna a ƙasa suna sha ruwan yana bin gwiwar hannunsu. Ba a jima ba bakin ya warke, suka fara guje-guje suna hana ni sakat. Da rana ɗanyar ce a miya, yau da busasshiyar kuɓewa, gobe da gyaɗa, jibi da ɗan busasshen nama in Allah ya kawo.

Ranar farko da Usman ya gane abin da ke cikin kwanonsa, sai ya ɗaga yanka ɗaya yana juyawa.

"Yaya, wannan ba babai ba ne? Ɗanye?"

"Shi ne. Ka manta miyar Inna?"

"Na ɗauka mun wuce wannan zamanin."

"To zamanin bai wuce mu ba. Ci."

Ya ci, ya kuma miƙo kwano aka ƙara masa. Na faɗi wannan ne don ku san ya san abin da ake dafawa a gidan tun daga farko, bai kuwa taɓa cewa a daina ba.

Najat tukunyarta daban. Ƙaramar baƙar tukunyar nan da nake dafa wa mahaifinku ganye lokacin ciwonsa, ita na ware mata. Kuɓewa, kabewa, wake, duk abin da na samu. Ludayinta daban, wuƙar ma sai na wanke ta kafin in taɓa nata cefanen. Nunanniya nake ba ta, ita ma sai wadda ta yi jawur ta yi laushi har kusa da kara. Da na raka ta awo na tambayi ma'aikaciyar, ta ce nunanniya kam a ba ta, tana ƙara wa jiki ƙarfi, tana taimakon ido, tana hana ɗaurewar cikin da ke damun masu ciki, ɗanya ce dai a kiyaye. Na ce mata na sani. Wata rana ƙamshin kwaɗon gyaɗa ya kama Najat, ta zo ta tsuguna kusa da ni tana shagwaɓa.

"Gwaggo, loma ɗaya. Ɗaya tak."

"Ko rabin loma. Ki haihu lafiya, in yi miki akushi guda ki ci har ki gaji."

Ta yi dariya ta tashi. Ban cika jin dariyarta a lokacin ba, don kullum idonta a kan waya yake, tana jiran mutumin da bai kira ba.

Da damina ta ja baya sauro ya yi yawa, wani zazzaɓi mai karya gaɓoɓi ya shigo gari. Kusan kowane gida akwai wanda ke kwance. Ya kama Najat cikinta ya riga ya fito sosai. Jikinta ya yi zafi kamar bakin tanda, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Da rana tsaka na ga idonta yana juyawa, na fita ba takalmi na tare raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku. Asibiti ya cika maƙil, mutane har a baranda, ma'aikatan suna ta fama ba su da lokacin zama. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Uwar ta tsira, ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne. Ni na karɓe shi a mayafina, ni na wanke shi, ni na miƙa wa Usman shi a bakin ƙofa. Likitar ta gaya mana, ni da shi muna tsaye, zazzaɓin ne ya yi ƙarfi, ba ita kaɗai ba ce abin ya samu.

Na zauna jinyar Najat kwanaki ban leƙa gida ba. Ashe a wajen zaman makokin jaririn wani mai baki ya ce wa Usman ai babai ɗanye yana zubar da ciki, kowa ya sani, ai ga shi har a waya an rubuta. Ranar da na dawo ɗaukar mata kaya da ɗan kunu, tun daga bakin ƙofa na ga hasken gidan ya yi yawa. Na tsaya. Sama ce a buɗe inda ganye yake. Ya sare su duka. Manya, matasa, har ƙananan da ba su kai gwiwa ba ya bi ya tuge. Gwanda ba ta da ƙarfin itace, sara ɗaya take faɗuwa. 'Ya'yan sun warwatsu a ƙasa, wasu sun fashe, farin ƙaron yana ta zuba daga kututturan, ƙuda sun taru. Matan baƙin suna tsaye jikin katanga sun rufe baki da mayafi. Shi kuwa yana zaune a kan gadon igiya, adda a tsakanin ƙafafunsa, rigarsa duk ta ɓaci.

"Usman, me ka yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun ranar da na zo."

"Me suka yi maka?"

"Kin kashe mini jika da abincin jahilci, kina tambayata?"

Na goya yaron nan. Na tauna abinci na sa masa a baki. Na tsaya a tsakar gidan mijina, mayafina bai gama bushewa daga wankin jinin 'yarsa ba, ya dube ni ya ce na kashe. Na ce masa Najat ba ta taɓa ɗanɗana ɗanyar ba, ga tukunyarta can a kife, ya tambayi matan nan. Ɗaya daga cikinsu ta buɗe baki za ta yi magana, ya daka mata tsawa ta yi shiru, don a ƙarƙashin inuwarsa suka zo garin. Na ce ya je ya tambayi 'yarsa. Ya je. Ta gaya masa, ya ce zazzaɓi ne ke magana a bakinta, kuma ita yarinya ce, ba ta san abin da ake zuba mata a kwano ba.

Na san abin da ke cin sa. An ƙwace masa gida, an watsa masa rayuwar da ya gina, surukinsa ya ɓace, yanzu ga jika a ƙasa. Waɗanda suka yi masa wannan suna da bindiga, hannunsa ba ya kai musu. Sauro ma ba ya saruwa da adda. Ni ce a kusa, ni da bishiyoyina. Na gane wannan sarai. Ganewa dai ba ta mai da ƙarya gaskiya ba.

Magana ta bazu a unguwa kafin la'asar. Malam Sule, dattijon unguwarmu wanda ke sasanta mutane, ya tara maza a ƙofar gida, aka kira ni na zauna daga bayan zana. Babu wanda ya ce a kira Najat. Babu wanda ya ce a kira matan da muke girki tare. Malam Sule ya yi ta jan magana a kan zumunci da haƙuri da halin da ƙasa ke ciki, sannan ya sauko inda yake son zuwa.

"Hajja Hauwa, ba wanda ya ce da gangan kika yi. Ke ce babba. Ki ce kuskure ne, Allah ya yafe mana, shi ma ya ce ya yi fushi ya sare miki itace. Shi ke nan, a sha shayi a tashi."

"Malam, kuskuren me zan ce?"

"Kalma ce kawai, don zuciyarsa ta yi sanyi."

"Kalmar tana nufin na ba ta. Ban ba ta ba."

"To ko ba ki ba ta ba, me zai rage miki?"

Ku ji fa. Me zai rage mini! In faɗi da bakina, a gaban mazan unguwa, cewa jinin jariri yana hannuna, don a samu a sha shayi. Gobe Najat ta dube ni da wane ido? Ku kanku a ce muku 'ya'yan wadda ta amsa laifin kisa? Na ce masa itacen na bar wa Allah, ban nemi a biya ni ko ganye ɗaya ba. Gidan nan gidan Usman ne, ya zauna har ranar da ya ga dama, tuwonsa ba zai yanke ba. Amma kalmar nan ba za ta fito daga bakina ba. Sai na ji wani daga cikinsu yana cewa tsohuwar nan zuciyarta dutse ce. Aka tashi ba a sha shayin ba.

Na kuwa ɗanɗana kuɗata. Ni da ake aiko wa tun asuba in je in riƙe tukunyar biki, aka daina kirana. Wata maƙwabciya mai ciki da na aika wa kunu, aka dawo mini da kwanon a rufe yadda na aika shi. Matan da suka sha gwandata shekara da shekaru, waɗanda na ba 'ya'yansu lokacin da suke kwance, suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. A gida kuma miya ta koma ruwa. 'Ya'yan da suka zube ranar, na bi na tsince masu kyau, na fere, na yanka falle-falle na shanya a kan rufin kwano, da su muka ɗan ja kwanaki. Da suka ƙare, shi ke nan. Yaran baƙin suna tashi da safe su tsaya inda bishiyoyin suke, su dube ni. Bakinsu ya koma tsagewa ina kallo. Wannan ma ba wanda ya tara maza a kansa.

Usman ya daina cin abincina. Ina zubawa in aika, a dawo da shi. Muna gida ɗaya, in na fito ya shiga. Da yaƙin ya kai garin Madani mutane suka sake kwararowa, gari ya ƙara cushewa, sai ya ce zai tafi Bur Sudan neman aiki. Ya ce Najat ta shirya. Ta ce jikinta bai yi ƙwari ba, za ta zauna wurin Gwaggo. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya shiga haɗa jakarsa. Da safen da zai tafi na dafa masa shayi na ajiye a bakin ƙofarsa, na tsaya. Ya fito da jakarsa, ya tsallake kofin.

"Usman, ko sallama?"

Ya tsaya bai juyo ba.

"Kin san abin da nake jira, Yaya."

"Na sani. Allah ya kiyaye hanya."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Zafin garin can da ciwon sukarinsa suka haɗu, ya faɗi a hanyar masallaci, aka binne shi a hannun baƙi. Da labari ya zo na shiga ɗakin mahaifinku na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi wa kowa irinsa ba tun rasuwar Inna.

Aka yi zaman makoki a gidana, don ba shi da wani gidan. Matan unguwa suka cika tsakar gida, har waɗanda suka daina gaishe ni. Ana cikin zama wata dattijuwa ta matso ta dafa gwiwata, da murya ta tausayi amma yadda kowa zai ji.

"Ayya Hauwa. Da kin daure kin ba shi haƙurin nan, da ya tafi da zuciya fara."

Kafin in buɗe baki Najat ta miƙe. Ta rame, farin mayafin ya yi mata yawa. Ta faɗa da Larabci, ta sake faɗa da Hausa don kada wata ta ce ba ta ji ba.

"Cikin nan a jikina yake. Ɗan nan nawa ne. Kun yi ta magana a kansa, babu wadda ta zo ta tambaye ni me na ci. Na roƙi Gwaggo loma ɗaya ta hana ni. Ubana ne, ina son sa, Allah ya jiƙansa, amma ya zalunce ta. Ku ma kun taya shi."

Dattijuwar ta janye hannunta daga gwiwata. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta tashi wai za ta duba wuta. Har aka watse babu wadda ta ce mini yi haƙuri. Bayan kwana biyu dai aka fara aiko yara a tambaye ni ko ina da sauran irin gwanda.

To kun ji yadda aka yi. Najat tana nan da rai, ɗakinta yana kallon nawa, ku tambaye ta ba a gabana ba. Kawunku kuwa kada in ji wani ya zage shi. Ba na idar da salla ban ambaci sunansa ba, ina roƙon Allah ya yafe masa addar da maganar duka, ya haɗa shi da jikansa. Amma da zai tashi yau ya tsaya a ƙofar nan da jakarsa ya ce, "Yaya, faɗi kalmar mu shirya," zan rungume shi, in dafa masa shayi, in sake ce masa ban ba ta ba.